Yadda za ku tsara kuɗin abinci in za ku kai yara wurin wasa daga Sakkwato zuwa Abuja

Tun da muka dawo daga Abuja da yara a dogon hutun da ya wuce, tambaya ɗaya ke ta bina, a gidan suna, a Islamiyya, har ta waya: "Maman yara, nawa kuka kashe a abinci? Ta yaya kuɗin suka kai ku?" Kuɗin mota da na masauki da na tikiti kowa na iya tambaya ya ji tun yana gida. Na abinci ne ke zurarewa ba a san inda ya bi ba. Sau uku muna yin wannan tafiya, ni da maigidana da yara uku, kuma abin da na gane shi ne ba babban abincin rana ke cinye aljihu ba. Ƙananan saye-sayen da ake yi lokacin da yaro ya riga ya fara kukan yunwa su ne ke yi, domin a lokacin ba ki da bakin yin ciniki, ba ki da zaɓin wuri. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta hana ku kai wa wannan lokaci ba shiri.

1. Ƙirga bakuna da lokutan ci

Kafin a ambaci naira ko ɗaya, ku ɗauki takarda da biro. Ku rubuta kwanakin tafiyar duka, har da ranar tafiya da ranar dawowa. Mai bin mota daga Sakkwato ta Gusau, Funtuwa, Zariya da Kaduna ya san yini guda cur ake yi a hanya, saboda haka kwana uku a Abuja kwana biyar ne a lissafin abinci. Kwana biyar, ci uku a rana, ci goma sha biyar ke nan. A gaban kowanne ku rubuta inda za a ci shi: cikin mota, masauki, ko wurin wasa. Za ku ga cewa cikin sha biyar ɗin, biyu ko uku ne kawai suka faɗo cikin wurin wasa. Waɗannan ne masu tsada, sauran kuwa suna hannunku.

Ƙananan yara ba sa tsayawa a ci uku. Ɗan shekara biyu zuwa biyar yana neman abin taɓawa da hantsi da kuma bayan la'asar. Ku ƙara waɗannan biyu a kowace rana, su ma a rubuce.

Hattara: in a gidan dangi za ku sauka, ku ƙirga yaran gidan. Babu yadda za a yi ku ɗebi naku zuwa wurin lilo ku bar na masu masaukinku suna leƙe ta taga. Mu mun tashi da yara uku, muka shiga ƙofar wurin wasa da shida. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, kasafinsa ya ninka tun bai fara ba.

2. Ku tambayi wurin tun kuna gida

A Abuja wurare iri biyu ne. Akwai masu lilo da injuna irin Magicland, wanda a da ake kira Wonderland, can kusa da babban filin wasa na ƙasa. Akwai kuma filayen shaƙatawa irin Millennium Park da ke Maitama, mai ciyawa da bishiyoyi, inda iyalai ke zuwa da kulolinsu su shimfiɗa tabarma. Lissafin abincin waɗannan biyu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ku nemi lambar wurin ko shafinsu na Facebook ko Instagram, ku yi tambaya huɗu: ana barin shiga da abinci da ruwa daga waje? In ba a bari, ana ɗaga ƙafa ga abincin jariri? In mutum ya fita zuwa mota, zai iya komawa da tikitinsa na farko? Nawa ne farantin shinkafa da kaza, nawa ne gorar ruwa? Ƙa'idar kowane wuri daban ce, kuma tana sauyawa, don haka kada ku dogara da abin da wata ta gani shekara biyu da suka wuce. In dangi na garin, ku roƙi wani ya biya ta can ya ɗauko muku hoton allon farashi.

Tambaya ta uku ta fi sauran muhimmanci. In ana barin fita a dawo, motarku ta zama kicin ɗinku, kuma kusan rabin matsalar ta ƙare.

 

3. Masauki shi ke yanke rabin kasafin

In otal ne, ku tambaya ko akwai firji a ɗakin da butar dafa ruwa ta lantarki, da kuma ko kuɗin ɗaki ya haɗa da karin kumallo, na mutum nawa. Sau da yawa na mutum ɗaya ne ko biyu, yara babu. Firji da buta kaɗai sun isa su ɗauke muku karin safe gaba ɗaya: shayi, burodi, kunu, madarar yara. In kuka samu gidan haya na kwanaki mai kicin da tukunyar gas, ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara na otal, ku lissafa abincin dare na mutum biyar sau uku a gidan abinci ku kwatanta. A wurinmu kicin ne ya yi nasara.

In gidan dangi ne, kada ku rubuta sifiri a wannan layi. Baƙo ba ya zuwa hannu rabbana. Shinkafa mudu biyu ko uku, ƙullin albasarmu ta Sakkwato wadda ko'ina ake yabonta, man shanu, kilishi, waɗannan duk cikin kuɗin abinci suke. Sannan kullum da safe maigida ya sayo burodi da ƙwai na gida duka. Kwana uku da bakuna biyar nauyi ne a kan kowa, ko da ba za su faɗa ba.

Hattara: kada ku kunna risho ko ƙaramar tukunyar gas cikin ɗakin otal. Haɗarin gobara ne da hayaƙi, ga yara a ɗaki.

4. Raba kuɗin gida-gida

Yanzu sai a zo ga naira. Farashi na tashi wata bayan wata, saboda haka adadin da zan kawo misali ne kawai don a ga yadda rabon yake, ku sa naku a gurbinsa. A ce iyali mai manya biyu da yara uku sun ware naira 150,000 don abincin kwana biyar, kuma za su shiga wurin wasa mai tikiti sau biyu. Ni ga yadda zan raba:

Guzurin da za a haɗa a gida, 35,000. Abin da za a saya a hanya zuwa da dawowa, 20,000. Karin safe da abincin dare a masauki, 35,000. Abincin cikin wurin wasa na kwana biyu, 30,000. Kuɗin kwaɗayin yara, 10,000. Ajiyar ko-ta-kwana, 20,000.

Ku lura, guzuri ya fi abincin wurin wasa kaso. Da gangan ne. Naira ɗaya da aka kashe a kasuwar Sakkwato tana yin aikin da biyu ko uku za su yi a bayan shingen wurin wasa.

Kowane kaso a sa shi cikin ambulan ɗinsa, a rubuta sunansa a bayansa. Na san yanzu kowa tiransifa yake yi, amma kuɗin da ke cikin waya ba a ganin raguwarsu. Ambulan kuwa in ta yi sirara kina ji a hannunki. Ga kuma matsalar sabis: ranar cunkoso sai na'urar POS ta ƙi, kina tsaye da askirim yana narkewa a hannun yaro. Ku ciri kuɗin tun a Sakkwato, ku nemi canji ƙanana, 'yan 200 da 500. Mutum ɗaya ya riƙe ambulan ta ranar. In uwa na saye, uba na saye, kowa na zaton ɗayan na lissafi, babu mai lissafi.

Hattara: ajiyar ko-ta-kwana ba ta shiga jakar yawo. A bar ta a masauki, ko a asusun banki. Ta lalacewar mota ce da ƙarin kwana, ko rashin lafiyar yaro.

5. Guzuri daga gida

A nan ne mutumin Sakkwato ya fi kowa sa'a, domin kakanninmu matafiya ne, kuma abincin da suka bar mana na zafi ne da doguwar hanya. Ku fara haɗawa kwana uku kafin tafiya, ba daren tashi ba.

Dambun nama shi ne na farko a jakata. In an soya shi ya bushe sosai, aka zuba cikin roba mai murfi, yana wuce mako lafiya lau ba firji. Yana shiga burodi, yana hawa kan shinkafa ko taliya, kuma ɗan shekara biyu na iya cinsa ba wahalar tauna. Kilo biyu na nama daga Kasuwar Daji sun ba mu abin da ya kai mu ya dawo da mu. A rage yaji a na yara, a raba roba biyu. Sharaɗinsa ɗaya: cokali busasshe kawai ke shiga ciki. Hannu mai danshi ya shiga sau ɗaya, zai yi fumfuna.

Kilishi na manya ne da yaran da suka yi ƙwari. Ku saya a gida wurin mai kilishin da kuka sani. A Abuja akwai shi a Area 1, amma babu dalilin da zai sa Basakkwace ya je can ya saya da tsada abin da ya baro a ƙofar gidansa.

Sai busasshiyar fura da madarar gari. Wannan ita ta ceci tafiyarmu ta biyu. Ana dama ta nan take da ruwan gora mai sanyi, ta riƙe cikin yaro awa uku. Sai garin kunu, na gyaɗa ko na tsamiya, wanda ruwan zafi kawai yake buƙata. Sai cincin, dubulan ko gireba, da dabino, da biskit na katan daga kasuwa maimakon ɗai-ɗai a hanya. Sukari, ganyen shayi, madara, duk a ƙulla daga gida. In akwai kicin a masauki, a soya miyar tattasai da tumatir ta soyu har mai ya taso, a daskarar da ita a firji, ta yi tafiya cikin kula da ƙanƙara, ana isa a mayar da ita firji.

Kayan aiki: kula babba guda, fulas na ruwan zafi, robobi masu murfi, gorar ruwa ta kowane yaro da alamarsa, cokula, wuƙa ƙarama, ledoji na shara, tishu, sabulu, da tabarma ko darduma. Ku ƙulla abin taɓawa a ƙananan ledoji, ƙulli ɗaya na yaro ɗaya na lokaci ɗaya. In kika buɗe babbar roba a gaban yara, abin kwana uku zai ƙare kafin Talatar Mafara.

Hattara ta ɗaya: fura da nono da aka riga aka dama ba ta doguwar hanya. A tafiyarmu ta farko na cika jarka da ita don son yara, kafin mu wuce Gusau ta yi tsami ta kumbura, murfin ya ɓalle cikin but. Haka zoɓo da kunun aya, in ba a cikin ƙanƙara suke ba, a shanye su da safe.

Hattara ta biyu, kuma wannan ta fi kuɗi muhimmanci: gyaɗa ɗai-ɗai, aya, gugguru, ƙuli-ƙuli mai tauri da alewa mai ƙarfi suna shaƙe yaron da bai kai shekara biyar ba, balle cikin mota tana tsalle a ramuka. A cire ƙwallon dabino kafin a miƙa. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

6. Ruwa

Ruwa shi ne ɓarawon da ba a zargi. Mutum biyar cikin rana, kowa gora uku ko huɗu, an kai gora ashirin, kuma a cikin wurin wasa farashinta ba na shago ba ne. Ku sayi katan-katan, ko dai a Sakkwato in motarku ce, ko a kasuwar Wuse ko Utako ko shagon unguwa in kun isa. Daren jajiberin fita a sa rabin gorunan a firji su daskare. Su ne ƙanƙarar kularku da safe, su ne ruwan sanyinku da rana.

Kada ganin Abuja ba ta kai Sakkwato zafi ba ya ruɗe ku. Yaron da ke gudu daga lilo zuwa lilo ba ya tuna ƙishirwa, sai ya fara rigima, a zaci yunwa ce, a saya masa lemon kwalba. Ku riƙa miƙa ruwa duk bayan wasa biyu, ko bai nema ba.

7. Ranar hanya

Sammako ake yi, ana sallame asuba, saboda kada dare ya riske ku a hanya. Yara ba sa iya cin abin kirki a wannan lokaci, kuma cika musu ciki da maiƙo kafin mota na jawo amai. Kofin kunu ko shayi da ɗan burodi ya isa. Karin kumallo na sosai a yi shi da hantsi: dafaffen ƙwai, burodi, dambu.

Abincin rana na ranar farko a dafo shi daga gida, dafa-duka ko shinkafa da soyayyar kaza, a zuba cikin kular abinci daban da ta ƙanƙara tun yana tururi, kada a buɗe sai lokacin ci. Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye bayan ya huce, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Saboda haka a ci shi da azahar, abin da ya rage kada a ce za a ajiye wa dare.

In motar haya ce, direba ne ke zaɓar inda za a tsaya, sau da yawa Funtuwa ko Zariya. A can ku sayi abin da ake ɓarewa, ayaba da lemon zaƙi, ko abin da aka sauke daga wuta a gabanku. Tsiren da ya yini a tire da yankakkiyar kankana da ƙuda ke bi ba na ƙananan yara ba ne. Arahar da za ta kai ku kemis ba araha ba ce.

Masu bin jirgin sama daga filin jirgi na Sultan Abubakar III sun huta da wannan mataki. Su dai su sa busasshen guzuri cikin babbar jaka, su tambayi kamfanin jirgin nauyin da aka yarda da shi, don kada kuɗin ƙarin kaya ya cinye ribar guzurin.

8. Ranar wasa, daki-daki

Wannan rana ita ce dalilin tafiyar, kuma tsarin lokutanta shi ne kasafin kansa.

Da safe a ci abinci mai nauyi a masauki, mai riƙe ciki: waina da miya, ƙosai da kunu, ko burodi da ƙwai da shayi mai kauri. Kowane yaro ya ƙoshi kafin a sa takalmi. A bar kamar awa ɗaya tsakanin ci da hawa abin da ke juyawa. Na ga yarinya ta sauko daga lilo mai majajjawa ta amayar da shinkafar da aka saya mata minti goma kafin nan, kuɗi sun tafi, wasan ma ya tsaya.

A isa da wuri, ana buɗe ƙofa. A tafiyarmu ta farko mun yi kuskuren isa da sha biyun rana. Layin tikiti ya ɗauki lokaci, muna shiga ƙamshin soyayyar kaza ya tare mu, na tsakiyan ya riƙe mini hijabi yana cewa, "Inna, yunwa nika ji." Kafin yaro ko ɗaya ya hau komai mun zauna mun ci abinci na mutum biyar da lemo, kuma abin da muka biya ya cinye kuɗin wasa uku da muka yi niyya. Na ga yadda fuskar maigida ta sauya yana duba rasit, bai ce komai ba. Da yamma da babbar ta nemi hawa jirgin ƙasan yara karo na biyu, dole muka ce a'a. Wannan a'a ɗin har yau tana damuna, domin don wasan aka zo.

Da hantsi, kafin kowa ya nema, a zauna a inuwa a ba kowa ƙullinsa da ruwa. Minti goma ne, amma shi ke ture yunwa zuwa bayan azahar.

Abincin rana hanya biyu ce. In ana barin fita, a fito lokacin sallar azahar, a yi salla, a buɗe kula a mota ko ƙarƙashin bishiya, ƙaramin ya ɗan yi barci, a koma. In ba a bari, a sayi ci ɗaya tak a ciki, kuma ga yadda ake rage shi. Maigida ya je shi kaɗai ya karanta allon farashi ya yi oda, yara na zaune da uwa nesa da kanta. Yaron da ya ga hoton abinci a bango shi zai zaɓa, kuma ba zai cinye ba. Farantin babba ɗaya yana isar yara biyu 'yan ƙasa da shekara bakwai, ku nemi ƙarin faranti da cokali kawai. Ku fara da kaɗan, in bai isa ba a ƙaro. Shinkafa da kaza ta fi riƙe ciki a kan shawarma da su fanke masu nama a ciki. Lemon kwalba a bar shi, ruwa ya wadatar, domin lemo biyar kan kai kuɗin faranti guda. A ci kafin ƙarfe ɗaya ko bayan biyu da rabi, lokacin da layi ya ragu.

Hattara: ku tambaya ko farashin da ke allo ya haɗa da haraji. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wasu wurare kuma suna ɗora kuɗin hidima a kai. Ku karanta rasit kafin ku biya. Sannan abin da aka yi da niƙaƙƙen nama, ku tambayi naman mene ne, ba kunya a ciki.

A fita kafin magariba. Abincin dare a masauki, ko a gidan tuwo na unguwa inda ma'aikata ke ci. In kuka bari yunwar dare ta same ku a ciki, kun sayi ci na biyu da tsada.

In kwana uku ne a gari, ku sa ranar fili a tsakiya: tabarma, kula, ƙwallo, Millennium Park ko gidan namun dajin yara da ke Asokoro. Yara na jin daɗinta kamar sauran, aljihu kuma ya huta.

9. Kuɗin kwaɗayi

Ban yarda a kai yaro wurin wasa a hana shi komai ba. Yana ganin sa'o'insa da askirim da alewar nan mai kama da auduga, a ce masa akwai cincin a jaka, wannan ba adalci ba ne. Abin yi shi ne a yanke tun a gida. Daren jajiberi na tara su na ce, "Gobe kowa na da abu ɗaya da zai zaɓa da kansa, bayan la'asar. Ɗaya tak." Babbar, mai shekara bakwai, na ba ta kuɗinta a hannu cikin ƙaramar jaka. Sai ga ta tana zagaya masu sayarwa tana tambayar farashi, ta dawo ta ce, "Inna, wanga ya yi tsada, can gaba ya fi araha." Yarinyar da in kuɗina ne komai ta gani sai ta nuna.

Bayan la'asar ɗin ma da dalili. In aka saya da safe, sauran yinin roƙon na biyu ne. In aka ajiye shi gaba, duk wanda ya nuna wani abu sai a ce, "To, riƙe shi a ranka, in lokaci ya yi ka zaɓa."

Hattara: dole bakin iyaye ya zama ɗaya. Na ce wa maigida tun a mota, "Malam, don Allah in na ce a'a kada su zagayo wurinka su samu i." Ya yi dariya, amma ya riƙe. Haka in akwai kawu ko gwaggo cikin tafiyar, a gaya musu tsarin cikin ladabi. In sun so yi wa yara alheri, su biya kuɗin wani wasan, ya fi alewa ta huɗu.

10. Jariri da mai ciwon ciki

Mai shayarwa ita ce ke buƙatar ƙarin ci da ruwa, a sa mata nata ƙulli da fura. Mai shan madarar gwangwani a taho masa da wadda ya saba daga gida, isasshiya har da ta ƙarin kwana biyu, domin neman irinta a garin da ba ku sani ba ɓata lokaci ne da kuɗin mota. A haɗa ta lokacin sha da tafasasshen ruwa daga fulas, wadda aka haɗa ta wuce awa biyu a zubar. Tafiya ba lokacin gwada wa jariri sabon abinci ba ne.

Ku sayi ƙullin gishiri da sukari na ORS guda huɗu ko biyar a kemis kafin ku tashi, kuɗinsu kaɗan ne. In gudawa ta kama yaro babu shi a kusa, ana haɗawa da lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In yaro ya ƙi shan komai, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya yi laushi, asibiti za a nufa, a nan ne ajiyar ko-ta-kwana ke aiki.

11. Lissafin dare da guzurin komawa

Kowane dare bayan yara sun kwanta, minti biyar: a zazzage ambulan, a rubuta abin da ya fita. In an zarce yau, gobe a rage daga lemo da kwaɗayin manya, ba daga abincin yara ba. In an samu rara, a mayar da ita kan wasa.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne manta ranar dawowa. Guzuri ya ƙare, kuɗi sun ƙare, ga yini guda a mota da yara gajiyayyu. Tun ranar da kuka isa ku ware roba ɗaya ta dambu, ƙulli biyar na cincin, da fura ta dama biyu, ku ɗaure cikin leda ku tura ƙasan akwati inda yara ba sa gani. Kuɗin hanyar komawa, rabin 20,000 ɗin da aka ware na sayayyar hanya, su zauna tare da su. Daren tashi a sayi burodi sabo da ayaba, a dafa ƙwai goma, a sa goruna shida a firji su daskare. Tsarabar maƙwabta kuma a yi mata nata layi daban tun a takardar farko, kada ta fito daga wannan leda.